Yadda Ake Cikon Haƙori da Kayan Bayo'aktif Don Kada Ya Yi Yoyo

Tambaya ɗaya ce take ta zagayowa tana dawo mini, daga ɗaliban aikin haƙori, daga 'yan'uwa masu aiki a ƙananan asibitoci, har ma daga marasa lafiya da suka hango sunan a jikin kwali. Wani ya rubuto ya ce: "Likita, da gaske ne cikon nan da ake kira bayo'aktif da kansa yake toshe kafar da ƙwayoyin cuta ke bi?" Wata kuma ta ce ta saka shi yadda aka koya mata, amma wata huɗu bai cika ba mai haƙorin ya dawo yana kuka da ruwan sanyi. Na yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, har na ga gara in zauna in jera aikin daga farko zuwa ƙarshe, yadda nake yin sa.

Yoyo a nan shi ne 'yar kafar da ke buɗewa tsakanin ciko da bangon haƙori, wadda yawu da ƙwayoyin cuta ke bi su sulale ciki. Ido ba ya ganin ta. Ƙwayar Streptococcus mutans, wadda ke kan gaba wajen ruɓar da haƙori, faɗinta bai kai maikiromita 1 ba, alhali milimita guda maikiromita 1,000 ce. Shi kuwa dentin, wato sashen da ke ƙarƙashin farin ɓawon nan na inamel, cike yake da 'yan bututu. Kusa da jijiya sukan kai kimanin 45,000 a kowace murabba'in milimita, kowanne faɗinsa wajen maikiromita 2.5. Da zarar ƙwaya ta wuce bakin ciko, hanya a buɗe take har jijiya.

Kayan bayo'aktif suna sakin kalsiyam, ko fosfet, ko fuloraid, wasu kuma suna kashe tsamin wurin yadda ƙwayoyi ba sa samun zama. Cikin makonni ma'adanan nan kan taru a mahaɗar ciko da haƙori su ƙara matse ta. Wannan gaskiya ne, kuma ina ganin amfaninsa a bakin mutane. Amma kafar da suke iya cikewa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Wadda yawu ya bari, ko kumfar iska, ko ruɓar da aka manta a gefe, ta fi ƙarfinsu. Don haka sai hannu ya rufe bakin ciko tukuna, sannan kayan su ɗora nasu a kai.

Kayan aiki da abin da suke ci

Bayan madubi, tsinken bincike da hantsaki, kana buƙatar shimfiɗar robar da ke raba haƙori da yawu da maƙalanta, naɗaɗɗiyar auduga, na'urar zuƙe yawu, cokalin kwashe ruɓa mai kaifi, inji da bakunansa, madaurin matiriks (siririn madaurin da ke zama bangon wucin gadi a gefen rami) da weji (ɗan abin da ke matse shi), takardar haɗi da cokalin haɗi na roba, basilin ko man rufe ciko na kamfani, takardar cizo, da agogo mai nuna sakan. Idan za ka yi aiki da kafso, sai injin kaɗawa da bindigar tura shi. Idan kayan na da resin a ciki, wato sinadari irin na filastik da haske ke daskararwa, ƙara da asid, ruwan ɗauri mai manna ciko da haƙori, da fitilar daskarar da ciko.

Wajen kuɗi, gilas-ayonoma (cikon da ake haɗawa daga garin gilas da ruwan asid) na gari da ruwa ya fi kowanne sauƙi, domin kwalba ɗaya tana cike haƙora da yawa. Wannan na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin magungunan da ba a rasa su a 2021. Na kafso ya fi tsada a kan kowane haƙori, ga kuɗin inji, sai dai yana raba ka da kuskuren awo. Biodentine, simintin da ake sakawa kusa da jijiya, kafso ɗaya mutum ɗaya ne, abin da ya rage zubarwa ake yi. MTA kuwa, shi ma siminti ne irinsa, a 'yan ƙananan fakiti yake zuwa, kuma in aka lissafa da giram yana cikin mafiya tsada a ɗakin aiki. Abin da mutane ke mantawa a lissafi shi ne kuɗin sake aiki: kujera sau biyu, allura sau biyu, kaya sau biyu, kuma duk lokacin da aka cire ciko ramin ƙaruwa yake yi. Falle ɗaya na roba bai kai kusa da wannan ba.

Mataki na 1: Tabbatar haƙorin na ciko ne

Kafin ka taɓa inji, tambayi mai haƙori yadda ciwon yake. Idan sai sanyi ko zaƙi ya taɓa wurin yake jin zugi, kuma da abin ya wuce zugin ya ɗauke cikin 'yan sakanni, jijiyar tana da sauran lafiya. Ɗora audugar da ka fesa wa sanyi, gwada haƙorin kusa don kwatanci, ƙwanƙwasa, sannan ɗauki hoton eksure.

Gargaɗi: ciwon da ke tashe shi cikin dare ba tare da ya ci komai ba, ko wanda ke daɗewa bayan sanyi ya wuce, ko ƙurji a dasashi, duk sun wuce ciko kaɗai. Aikin jijiya suke nema. Da yawan cikon da ake zargi da yoyo, tun farko haƙorin ne ba na ciko ba.

Mataki na 2: Zaɓi kayan da ya dace da ramin

Sunan bayo'aktif ya haɗa abubuwa uku da halinsu ya sha bamban, kuma rashin rarrabe su ne tushen yawancin matsala.

Na farko gilas-ayonoma, irin Fuji IX da Ketac Molar. Yana kama kalsiyam ɗin haƙori da kansa ba sai da ruwan ɗauri ba, yana sakin fuloraid, kuma tsukewarsa ba ta janye shi daga bango kamar ta kwamfosit, farin cikon nan na resin, wanda kan ragu da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 idan ya daskare. Shi nake ɗauka a ramin wuyan haƙori, a saiwar da dasashi ya janye ya bari, a haƙoran yara, da bakin da ruɓa ta yi yawa. Rauninsa shi ne babban rami mai bango biyu ko uku a turmi, inda tauna kan fasa gefensa.

Na biyu simintin kalsiyam silikit, wato MTA da Biodentine. Wurinsu can ƙasa ne, kusa da jijiya ko a kanta. MTA yana kai ma'aunin tsami na pH kusan 12.5 bayan awa uku, wato kishiyar tsami mai ƙarfi, yanayin da ƙwayoyi ba sa jurewa. Ba a yi su don su ɗauki tauna shekara da shekaru ba, sai an yi musu rufi.

Na uku masu resin a ciki, irin ACTIVA da TheraCal LC. Masu cike rami a cikinsu, irin ACTIVA, a wajen ɗauri halin kwamfosit gare su, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. A 2019 masu bincike daga Suwidin da Denmak sun wallafa gwajin ACTIVA a turamen marasa lafiya, inda aka shafa asid kaɗai ba ruwan ɗauri. Kusan kashi 24 cikin 100 sun lalace a shekara, wasu sun faɗi, wasu sun kawo zugi, wasu sabuwar ruɓa. Ko kwali ya ce mene ne, ni ba na saka irin wannan ba tare da ruwan ɗauri ba.

Gargaɗi: idan mai tallar kaya ya nuna maka hoton haƙorin da aka tsaga, babu ko ɗigon shuɗin rinin da ake gwada yoyo da shi a gefen ciko, tambaye shi yadda aka yi gwajin. A ɗakin bincike ana tsoma haƙori a ruwa mai digiri 5 da mai digiri 55 a jere, sau da yawa zagaye 500 kawai, alhali an kiyasta sai wajen zagaye 10,000 ke daidai da shekara ɗaya a baki. Shi kuma rinin metilin bulu yana koɗewa idan ya haɗu da abu irin MTA, sai ya nuna kamar ba yoyo. Gwajin da ake yi da ƙwaya mai rai, irin Enterococcus faecalis, inda ake duba ko za ta ratsa ta cikon daga wani mazubi zuwa wani, ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ba baki ba ne.

Mataki na 3: Raba haƙorin da yawu

Bayan allurar kashe zafi ta kama, saka roba. Na san uzurin: tana cin lokaci, mai haƙori ba ya so. Hannun da ya saba minti biyu ya ishe shi. Fasa ramukan daidai, ɗaure maƙalin da zaren sakace don kada ya zame ya faɗa maƙogwaro, sannan juya bakin robar ya shiga cikin dasashi. In ba ka juya ba, ruwan dasashi zai riƙa tsattsafowa ta ƙasa, kai kuma kana ganin sama a bushe.

Idan robar ta gagara, kamar a yaro ƙarami, to auduga a ɓangaren kumatu da na harshe, mataimaki riƙe da na'urar zuƙa, kuma a canja audugar kafin ta jiƙe sharkaf. Gilas-ayonoma ya fi yafe irin wannan yanayi. Masu resin ba sa yafewa.

Gargaɗi: cewa kayan "suna son danshi" ba izinin barin yawu ba ne. Danshin da ake nufi na dentin ne shi kansa, ko ruwa mai tsabta. Yawu yana shimfiɗa wani siririn yauƙi a bango cikin sakanni, jini kuma ya fi shi ɓarna. In ɗaya ya taɓa ramin, wanke, ka koma Mataki na 6 daga farko.

Mataki na 4: Kwashe ruɓa, ka fara da gefe

Gefen ramin ne zai riƙe hatimin, don haka shi ake fara tsabtacewa, kuma shi ake tsananta wa. Zagaye bangon da mahaɗar inamel da dentin har ka kai dentin mai tauri, wanda cokali ke ƙara a kansa idan ka karta. Inamel ɗin da ya yi fari fat kamar alli, ko wanda ba shi da dentin a ƙarƙashi, sare shi. Yau zai yi kama da bango, gobe tauna ta ɓalle shi ta bar kafa.

A ƙasan rami, wajen jijiya, sassauta hannu. Idan ramin mai zurfi ne kuma jijiyar lafiya lau, an yarda a bar ɗan dentin mai laushi a daidai kanta maimakon a huda ta. Ƙwayoyin da suka rage a can, idan an rufe musu hanyar abinci, lafawa suke yi. Sharaɗin kenan: sai gefe ya rufu ruf.

Gargaɗi: in jijiya ta buɗe, danna auduga mai ruwan haifokulorait, mai kashe ƙwayoyin cuta, a hankali. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan kamar minti biyar yana gaya maka kumburin ya yi nisa. Kada ka ɗora MTA ko Biodentine a kan jini mai gudu ko gudan jini.

Mataki na 5: Matiriks da weji

Idan ramin ya taɓa tsakanin haƙora biyu, bakin da ke kusa da dasashi shi ne inda sabuwar ruɓa ta fi farawa. A can inamel ya fi siranta ko ya ƙare, a can ruwa ke taruwa, a can kuma ido ba ya kaiwa sosai. Zura madaurin ya wuce bakin ramin kaɗan, sannan tura weji daga ɓangaren da ya fi faɗi har ya matse madaurin a jikin haƙori. Ɗauki tsinke ka bi ƙasan ta ciki. In bakin tsinke ya shige tsakanin madauri da haƙori, ciko ma zai shige, yawu ma haka. Canja weji, ko ƙara ɗan tef na teflon ka toshe.

Gargaɗi: in ka yi amfani da maganin tsayar da jinin dasashi, musamman mai sinadarin ƙarfe, wanke shi sosai. Ragowarsa tana raunana ɗauri, tana kuma baƙanta gefen ciko daga baya.

Mataki na 6: Shirya bangon, kowane kaya da danshinsa

A nan na fi son ka tsaya ka karanta sau biyu.

Ga gilas-ayonoma, shafa ruwan gyaran bango na asid foliyakirilik. Mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 sakan 20 ake ba shi, mai kashi 20 sakan 10. Wanke sosai. Sannan tsane ruwan da busasshiyar auduga, ko iska kaɗan daga nesa. Bangon ya zama kamar ƙasa bayan yayyafi ya ɗauke: da sheƙin danshi, ba kwanciyar ruwa.

Farkon fara aikina na yi wa wani dattijo ciko a wuyan fiƙarsa. Tsoron yawu ya sa na hura iska har dentin ya yi fari ƙal, ina jin na yi tsabta. Mako uku sai ga shi, ya zaro 'yar takarda daga aljihu, ya warware a hankali ya miƙo mini. "Ɗana, ga abinka na kawo maka, kada ya ɓata." Cikon ne guda sukutum, cikinsa sumul, ko alamar ya taɓa kama haƙori babu. Babban likitan da nake ƙarƙashinsa ya sa na sake aikin yana tsaye. Da na kai hannu ga iska ya riƙe wuyan hannuna, ya miƙo mini ƙwallon auduga. Gilas-ayonoma da ruwa yake aiki. Busasshen bango yana zuƙe ruwan da ke cikin haɗin, sai ɗaurin ya mutu tun kafin ya fara, mai haƙori kuma ya tafi da zugi.

Gargaɗi: kada ka maye gurbin ruwan gyaran bango da asid fosforik. Yana kwashe kalsiyam ɗin da gilas-ayonoma zai kama.

Ga Biodentine ba a shafa komai, ba asid ba ruwan ɗauri. Wanke, tsane, shi kenan. MTA ma haka, da ɗan danshi a bango.

Ga masu resin da za su cike ramin, asid fosforik mai kashi 35 zuwa 37 a kan inamel sakan 15 zuwa 30. In zai taɓa dentin kada ya wuce sakan 15. Wanke, tsane, goga ruwan ɗauri na tsawon lokacin da takardarsa ta ce, hura iska har ya daina motsi, haska fitila.

Gargaɗi: idan an taɓa saka cikon wucin gadi mai ƙamshin kanumfari, wato mai yujinol, kankare shi tas. Yana hana resin daskarewa yadda ya kamata, kuma a gefe abin yake fara nunawa.

Mataki na 7: Haɗi

Girgiza kwalbar gari ya saki jiki, ɗebo cokali ka share samansa daidai baki. Kifa kwalbar ruwa a tsaye cak, jira kumfa ta hau, sannan matso ɗigo. Ɗigo mai kumfa a ciki ba cikakke ba ne, goge shi ka sake. A Fuji IX na hannu cokali ɗaya ne ga ɗigo ɗaya. Raba garin biyu, juya rabin farko sakan 10, ƙara sauran, ka gama duka cikin sakan 30. Ninkewa ake yi a ɗan ƙaramin wuri, ba a baje shi a faɗin takarda. Cokalin roba za ka riƙe, domin garin gilas yana kankare na ƙarfe ya mayar da cikon toka-toka. Rufe kwalaben nan take.

Haɗi mai kyau yana da kauri, amma samansa na sheƙi. Sheƙin nan asid ne da bai gama aiki ba, shi zai kama haƙori. Da ya dushe, zubar ka sake. Na san yana da ciwo a zubar da kaya, amma wanda ya dushe zama kawai zai yi a ramin, ba zai kama ba.

Gargaɗi: minti biyun aiki da aka rubuta a takarda an auna su ne a digiri 23. Ɗaki mai zafi yana rage su sosai. Kuma kada ka ƙara ruwa don ya yi sauƙin zubawa. Ruwa-ruwan haɗi yana da rauni, yana kuma narkewa a gefe.

Kafson gilas-ayonoma yawanci sakan 10 ne a inji, kuma daga inji sai bindiga sai haƙori. Biodentine na kafso ɗigo 5 ake zuba masa, a kaɗa sakan 30 a inji mai juyi 4,000 zuwa 4,200 a minti. MTA awo uku na gari ne ga ɗaya na ruwa, har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi.

Mataki na 8: Zubawa, jira da rufewa

Fara daga lungu mafi zurfi. In da bindiga kake aiki, kafa bakinta a ƙasan ramin, kana turawa kana ja da baya, bakin na nutse cikin kayan, don iska ta fito ta sama. In da hannu ne, fara danna ɗan kaɗan a kusurwoyi da bakin dasashi, sannan ka cika. Ramin saman turmi kuwa, cika shi ya ɗan yi tozo, shafa basilin a yatsan safar hannu, danna da ƙarfi na kamar sakan 30, ka zame yatsan ta gefe. Wannan dannawar daga tsarin ART ta fito, wato cikon da ake yi da kayan hannu kaɗai ba inji, wanda aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, kuma tana tura kayan cikin tsagogin da cokali ba ya shiga.

Daga nan sai agogo. Fuji IX na yau da kullum ba a gyara shi da inji sai minti 6 daga fara haɗi. Biodentine minti 12 yake so, kuma a rabin ƙarshe cire hannunka gaba ɗaya. Yawan dannawa da sassaƙa yana tsaka da kamawa yana farfasa ƙwayoyin da ke haɗuwa, gefe ya zama gari. ProRoot MTA kusan awa uku yake ɗauka, don haka ko dai ka ɗora jiƙaƙƙiyar auduga da cikon wucin gadi zuwa wani zama, ko ka lulluɓe shi da siririn gilas-ayonoma mai resin ka ci gaba. TheraCal LC kada shimfiɗa ta wuce milimita 1, fitila sakan 20. Ni dai ina ajiye shi a kan dentin, ba na ɗora shi kai tsaye a buɗaɗɗiyar jijiya, saboda resin ɗin da ke ciki.

Da gilas-ayonoma ya kama, rufe samansa da man kamfani ko basilin kafin ka cire roba. A awannin farko ruwa yana wanke ma'adanansa, iska kuma tana tsattsaga shi. In ka taɓa ganin ciko ya yi fari-fari da ƙananan tsaga kamar busasshen tabo, rashin wannan rufin ne.

Gargaɗi: MTA mai sinadarin bismut yana baƙanta haƙori, musamman in ya haɗu da jini ko haifokulorait. A haƙoran gaba ɗauki wanda ba shi da shi, irin Biodentine.

Gargaɗi: zare matiriks ta gefe, bayan kayan sun kama, kana danne ciko da wani abu. Fizge shi sama yana ɗaga bakin dasashin da ka sha wahala a kansa.

Mataki na 9: Rufin sama da cizo

Biodentine zai iya zama shi kaɗai a matsayin ciko har wata 6, ba fiye ba. Kamfanin da ke yin sa ya yarda a ɗora kwamfosit a zama ɗaya bayan minti 12. In lokaci ya ba ni dama na fi son in cika ramin da shi duka, in bar shi mako biyu ya ƙosa, sannan in rage samansa kamar milimita 2 in ɗora kwamfosit. Kafin ɗorawa, kankare duk wani ɓurɓushinsa daga inamel ɗin gefe, domin a can ruwan ɗauri zai kama. Kwamfosit na yau da kullum shimfiɗa-shimfiɗa ake saka shi, kowace ba ta wuce milimita 2 ba.

Gargaɗi: fitila tana tsufa ba tare da haskenta ya nuna ba. Auna ƙarfinta lokaci-lokaci, goge bakinta, kuma kafa ta daf da ciko a miƙe. Ƙasan ramin tsakanin haƙora shi ya fi nisa da haske, ƙara masa lokaci.

Cire roba, sa takardar cizo, ka ce ya tauna ya kuma goga gefe da gefe. Cikon da ya yi tudu yana shan duka shi kaɗai har gefensa ya tsage. Gyara da ruwa a buɗe, bakin inji na tafiya daga ciko zuwa haƙori. Zura zaren sakace: ya shiga da ɗan ƙarfi, ya fito bai yage ba. In gilas-ayonoma ne, sake shafa rufin da gogewa ta cire.

Mataki na 10: Sallama da bibiya

Gaya wa mai haƙori kada ya ci komai na awa ɗaya, ya kuma kauce wa tauna abu mai tauri a ɓangaren har washegari. Ɗan jin sanyi na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne in yana raguwa. Wanda ke ƙaruwa, ko zafi idan ya ciza, ya dawo ba sai ranar da aka sa masa ba. Man goge baki mai fuloraid sau biyu a rana yana da ƙarin amfani a nan, domin gilas-ayonoma yana ɗaukar fuloraid daga gare shi ya sake saki.

A dubawar wata shida, busar da haƙorin kaɗan ka kalli gefe da haske mai kyau. Bi da tsinke a hankali, kada ka soka, don tsinke da kansa yana buɗe kafa. Baƙin layi a bakin ciko ba kullum ne ruɓa ba. In ba rami, ba laushi, ba ciwo, goge ka ci gaba da lura. In wuri ɗaya ne ya buɗe, buɗe shi kaɗai ka gyara, ba sai an tone duka ba. Cirewa gaba ɗaya sai in ciko na motsi, ko ruɓa ta shige ƙarƙashinsa, ko hoto ya nuna duhun yana faɗaɗa tsakanin dubawa biyu.

Gargaɗi: rubuta a kati ainihin abin da ka saka, da zurfinsa, da ranar, da ko ka bar dentin mai laushi a ƙasa da gangan. Biodentine ba ya haske sosai a hoto, dentin ɗin da ka bari zai fito da duhu, ruwan ɗauri mai kauri shi ma yakan fito kamar siririn layi. Likitan da zai ga hoton bayan shekara biyu bai san abin da ya faru a kujerarka ba. In katin bai gaya masa ba zai ɗauka yoyo ne, ya ɗauki inji ya tone, wataƙila har ya huda jijiyar da ka lallaɓa. Ajiye hoton ranar farko tare da katin, in mai haƙori zai koma wani wuri kuma ka ba shi kwafi ya tafi da shi.